Guntun Kunnen Brasa

Garoa, karyar kiwon Dona Zulmira, ta mutu a bakin rumfar da ta haihu, ƙafafu a sandare, kumfa ya bushe mata a baki, ga guntun hantar tunkiya da ba ta ƙarasa ci ba yashe a gefenta. Dona Zulmira ce ta fara ganinta, ta fito da sassafe da kwanon madara a hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kwanon, ta shiga rumfar ta dudduba 'yan kwikwiyon da ke cunkushe a kan buhunan ulu, ta tarar ɗaya daga cikinsu ba ya nan. Nan ta aika a kira mata Seu Aparício.

Duk karkarar nan, daga hanyar Quaraí har bakin iyakar Uruguwai, in saniya ta ɓata ko an yanka wa mutum tunkiya a sace, Aparício ake kira. Bin sawu ne sana'arsa, da ita ya tashi, a cikinta ya yi furfura. Sai dai yau ba aikin wani aka kira shi ba. Kwikwiyon da aka ɗauke nasa ne, wani baƙi mai farar ƙafa ɗaya, har ya raɗa masa suna Brasa.

Kuma ba da sauƙi ya same shi ba. Dona Zulmira ba ta sayar da kare yadda ake sayar da kaza. Karnukan kiwonta sun yi suna, guda ɗaya kan juya garken tumaki shi kaɗai, mai garken yana kan doki yana shan mate, shayin nan nasu mai ɗaci, abinsa, amma kafin ka sami ɗa a hannunta sai ka ji a jikinka. Za ta hau tsohuwar goɗiyarta ta faɗo gidanka ba sanarwa, ta leƙa kwanon ruwa, ta girgiza shinge, ta tambaye ka ina tsohon karenka da yadda ya ƙare. In ta yarda, ba za ta ba ka ɗan ba sai ya bar nono da kansa, an yi masa allura. In kuma ka gaji da shi wata rana, gidanta za ka mayar, ba kasuwa ba. Aparício ya bi duk wannan bai yi ƙorafi ba. Tun da tsohon karensa ya mutu a sanyin bara gidan ya yi masa faɗi, ga matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tana aure a birni. Kowace Lahadi sai ya zo ya tsuguna a bakin rumfar nan, ƙato da shi, yana barin abin da bai kai takalminsa girma ba yana tauna masa yatsa.

Ko da ya iso, maƙwabta sun cika tsakar gidan, sun tattake ƙasar tas.

"Ku ja baya, don Allah," ya ce tun bai sauka daga doki ba. "Ɓarawon ma bai ɓata mini sawu yadda kuka ɓata ba."

"Ai ba sai ka wahala ba, Seu Aparício," in ji wani daga cikin taron. "Ɗan Uruguwai ne."

Kowa ya gyaɗa kai. Haka ake yi a nan. In abu ya ɓata, Yamandú ne, maharbin aladen daji da ya tsallako iyaka ya kafa bukka a gangaren rafi. Da ana iya ɗora masa laifin fari ma, da an ɗora.

Aparício ya durƙusa a kan Garoa, ya shafa kanta, ya rufe mata ido. Ya san irin mutuwar da wannan guba ke yi wa kare, ba ta gaggawa ba ce. Ya ji zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin, ya kuma san tun a nan cewa ko an mayar masa da kwikwiyon cikin tire, ba zai bar maganar ba.

*

A kicin Dona Zulmira ta miƙa masa ɗan ƙoƙon mate, ya karɓa ya zuƙa bai ji ɗacinsa ba.

"Wa kika hana kwikwiyo bana, Dona?"

"Mutum uku. Yamandú, don na ga yadda alade ke farke masa karnuka. Sai Valdomiro, da ke so ya tara su a keji suna haihuwa yana sayarwa a bakin titi. Sai compadre ɗinka."

"Honório?" Aparício ya yi ɗan murmushin takaici. Seu Honório shi ya riƙe 'yar Aparício ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre, kuma tumakinsa sun fi na kowa yawa a yankin. "Ai ya ba ni labarin da kansa, yana dariya."

"Ni ban ga dariya ba ranar. Na tambaye shi ina tsohon karensa mai ido ɗaya, ya ce ya daina gudu, ya harbe shi. Ga sauran a ɗaure da waya cikin rana, kwanon ruwa a kife. Na ce masa ba ni da ɗan da zan ba shi."

"Mutumin da zai iya aikawa birnin Bagé a kawo masa karnuka cike da mota ba zai tsaya satar kwikwiyo ba. Cire shi."

"Kai ne mai bin sawu." Ta karɓi ƙoƙon ta sake zuba ruwan zafi. "Ɗan nan bai bar nono ba. In wanda ya ɗauke shi bai san abin da zai ba shi ba, ba zai daɗe ba. Ka kawo mini shi da rai, Aparício. Abin da nake so ke nan."

"Zan kawo shi. Zan kuma kawo miki hannun da ya jefa hantar nan."

"In yi me da shi? Miya?"

Aparício ya miƙe. Ya gyara wuƙar da ke soke a bayan ɗamararsa ya fita.

*

A bayan itatuwan turare da ke kare gidan daga iska ya tarar da inda aka ɗaure doki. Ciyawa a kwance, kashi guda, sai sawun mutum cikin takalmin roba irin wanda kowa ke sawa. Sawun dokin kuwa wani iri, fankam-fankam, ba a ganin bakin kofato. Aparício ya tsuguna ya tsinci silin ulu a jikin ƙaya, ya gane. An naɗe kofatan da fatar tunkiya, tsohuwar dabarar 'yan fasa-ƙwauri na bakin iyaka. Duk wanda ya yi wannan ya san akwai mai iya karanta kofaton kowane doki a yankin, ya kuma san wane ne.

Ya bi sawun a ƙafa, yana jan dokinsa. Mahayin bai yi sauri ba, ya bi gefen shinge, ya ratsa wani fadama, ya gangara rafi. A nan ya shiga ruwa. In ya yi sama, gonakin manyan masu tumaki ne. In ya yi ƙasa, bukkar Yamandú ce da iyaka. Ruwa kuwa ba ya riƙe sawun kowa.

Amma kafin ya shiga ruwan ya sauka ya zauna a kan wani falalen dutse. Ga ɗigon jini a kan dutsen, ya yi baƙi. Kusa da shi tururuwa sun taru a kan wani abu. Aparício ya hure su, ya ɗauka a tafin hannu. Guntun fata ne, bai fi farcen ɗan yatsa ba, da baƙin gashi mai laushi a bayansa, jini ya daskare ya dunƙule shi. Ya sha shafa wannan gashin da babban yatsansa. Kunnen Brasa ne.

Mutane iri ɗaya ne ke yanke wa kare kunne a wannan ƙasa, maharban alade, don kada alade ya sami abin kamawa. Ya buɗe jakar tabarsa ya saka guntun a ciki, ya hau doki ya yi ƙasa.

*

Karnukan Yamandú suka tarye shi da haushi, duk gundulallun kunnuwa, jiki duk tabo. Aparício ya tura ƙyauren bukkar da ƙafa, wuƙa a hannu. Wari ne ya fara dukansa.

Yamandú yana kwance a kan gadon katako, cinyarsa a naɗe da tsumma, ta kumbura ta yi biyun ɗayar, ƙudaje suna bi. Ya dubi wuƙar, ya dubi Aparício.

"In ƙafar ka zo yankewa, tsoho, ka taimake ni. Likita ma abin da yake so ke nan."

"Ina kwikwiyon?"

"Wane? Me kuma ya ɓata?" Ya yi dariya, dariyar ta koma nishi. "Alade ya farke ni tun makon jiya. Bayan gida ma da rarrafe nake zuwa. In ka ga na hau doki, sai dai a mafarki."

Aparício ya ɗaga tsumman da bakin wuƙa ya duba. Ba ciwon jiya ba ne, kuma babu mai wannan cinyar da zai taka likkafa. Duk da haka ya zazzage jakar tabar ya nuna masa guntun.

"Wa ke yanke kunnen kare in ba irinku ba?"

Yamandú ya ɗago kai da ƙyar ya leƙa. "Dubi karnukana. Ni daga tushe nake cirewa, kuma sai sun yi ƙwari. Wannan ɗan tsigin me zai hana alade kamawa? Wanda ya yi wannan ba farauta ce a gabansa ba." Ya koma ya kwanta. "Ɗan wace karya ne?"

"Garoa. Ita an kashe ta da guba."

"Matar nan ta kore ni kamar na zo bara," in ji maharbin, "amma tana da gaskiya. Wannan karya ba ta cancanci haka ba. In ka same shi, ka ƙara masa ɗaya nawa."

Aparício ya ɗebo masa ruwa a rijiya ya ajiye kusa da gadon kafin ya tafi. Haushi ne ya cika shi, irin na wanda ya ɗaga hannu zai kai mari ya tarar babu kunci.

*

A kantin Seu Gumercindo, inda ake sayar da gishiri da igiya da giyar rake, ya tarar da Valdomiro ya baje a kan benci, motarsa a waje da kwali a baya, wasu 'yan kwikwiyo masu kwantsa suna kuka a ciki. Aparício ya zazzage kwalin ɗaya bayan ɗaya. Babu baƙi mai farar ƙafa.

"Duba da kyau, Seu Aparício, in ka ga wanda ya yi maka sai mu daidaita," in ji Valdomiro. "Nawa ba sai an zo an leƙa maka tukunya ba."

"Ina kake jiya da asuba?"

"Ina barci, kamar kowane mai hankali. An ce da doki aka je, ko? To tambayi kowa a nan ranar da na hau doki na ƙarshe."

"Dokin ne ya kai ƙara," in ji mai kanti, aka fashe da dariya. Gaskiya ne kuwa, Valdomiro da tumbinsa ko jaki ba ya yarda da shi, balle ya san naɗe kofato.

Seu Honório yana can ƙarshen kanta, da sabuwar hularsa da jan ƙyalle a wuya. Ya taso ya dafa kafaɗar Aparício, ya sa aka zuba masa.

"Compadre, ka rame a yini ɗaya. Kare ne fa. Ka bari in aika a kawo maka biyu."

"Wannan nake so."

"To, in haka ne, kada ka cire ido daga gangaren rafi. Yamandú yana kwance, na ji, amma ba shi da 'yan'uwa a ƙetare ne? Aika ɗaya ba wuya." Ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Asabar ina sa wa 'yan tumakina shaida. Duk ku zo, an ware kitsattsun raguna na gashi. Kai ma ka zo, compadre, babu mai riƙe mini ɗan tunkiya kamarka. Aiki zai ɗauke maka hankali."

Kwanakin da suka biyo Aparício ya ƙare su a bakin rafi, sama da ƙasa, yana neman inda doki mai naɗaɗɗun kofatai ya fito daga ruwa. An yi ruwan sama a tsakani, ya shafe komai. Ya tsallaka iyaka ya tambayi masu shaguna, babu wanda ya ga baƙo da kwikwiyo. Duk inda ya ga ungulu sun yi dandazo sai gabansa ya faɗi, ya je ya duba. Ya daina biyawa ta gidan Dona Zulmira, don ba shi da abin faɗa mata.

*

Ranar Asabar kowa ya hallara a gonar Honório, don ranar shaida ba a ƙin zuwa, yau naka gobe na wani. An hura wuta tun safe, an jera haƙarƙarin raguna a tsinken ƙarfe. Valdomiro ya riga kowa zama kusa da naman. Har Yamandú wani maƙwabci ya ɗauko a amalanke don ya ci abin kirki, mutane suna harararsa yana mayar musu. Dona Zulmira ta zo ita ma, ta shige wajen mata tana taya Dona Celanira, matar Honório, yankan albasa.

Aikin ba sabo ba ne ga kowa. Ana ware 'ya'yan daga iyaye, kuka ya cika garke. Mutum ya sunkuci ɗan tunkiya, ya haɗa ƙafafunsa, ya zaunar da shi a kan katakon shinge. Wani ya datse wutsiya. Mai gona kuma da kansa yake sa shaida, ba ya ba kowa, da ɗan awartakin da ke cire wani yanki a gefen kunne. Kowane gida da irin tasa siffar, ita ce ke raba tunkiyar wane da ta wane in garke ya gauraya.

Aparício yana riƙewa, Honório yana ƙyastawa. Hannun Honório ba ya ko tsayawa, yana hira yana aiki, ko kallon kunnen ba ya yi. Guntayen suna zubowa ƙasa, ƙanana, farare. Ɗaya ya faɗo a kan takalmin Aparício ya manne.

Ya sunkuya zai kaɗe shi, sai ya tsaya. Ya ɗauka. Siffar kan kibiya ce, da ɗan lanƙwasa a gindi. Ya yi shekaru yana ganin gurbin wannan shaida a kunnuwan tumakin compadre ɗinsa, bai taɓa tsayawa ya kalli abin da ke fita daga gurbin ba.

"Compadre, kawo na gaba mana. Ko tsufa ne?"

"Ina zuwa."

Ya koma bayan kwamin ruwa, ya fito da guntun da ke jakar tabarsa, ya jiƙa shi, ya murje jinin, ya shimfiɗa shi a tafin hannu kusa da ɗayan. Ɗaya fari, ɗaya baƙi. Ban da wannan babu abin da ya raba su.

Honório ne. Mutumin da ya riƙe masa 'ya a coci. Mutumin da ya zuba masa giya ya nuna masa gangaren rafi. Ya wanke fuska, ya koma ya ci gaba da riƙe 'yan tumaki har aka kira cin nama, don ya fi so kowa ya zauna ya ji da kunnensa.

*

Da aka zazzauna a dogon teburin da ke ƙarƙashin rumfa, Aparício ya ɗauki awartakin daga inda Honório ya rataye shi, ya zo ya ajiye a kan katakon yanka nama. Ya jera guntayen biyu a gefensa.

"Kafin a ci," ya ce, "akwai wanda ya kashe Garoa a teburin nan."

Idanu suka koma kan Yamandú. Shi kuwa ya ci gaba da taunarsa.

"Ba shi ba ne. Ba ya iya hawa doki. Valdomiro kuma doki ba ya iya ɗaukarsa." Wani ya fara dariya ya haɗiye. "Wannan farin, yau ya fita daga kunnen ɗan tunkiya. Wannan baƙin, a bakin rafi na tsince shi, a kunnen kwikwiyona ya fita. Seu Gumercindo, ka fi ni ido. Duba."

Mai kantin ya sunkuya ya duba, ya ɗago, ya rasa inda zai sa idonsa. Katakon ya zaga daga hannu zuwa hannu. Babu mai tumaki a nan da bai san kan kibiyar nan ba.

"Wasan yara ke nan," in ji Honório. "Awartaki ai ana iya ara."

"Wa ka taɓa ara wa, compadre? Ɗan cikinka ma ba ka bari ya taɓa shi. A jakar sirdinka yake kwana duk lokacin haihuwar tumaki. Ka naɗe kofato don kada in gane dokinka, ka shiga ruwa don kada in bi ka. Duk ka yi daidai. Sai da ka zo bakin rafin da zai kai ka gonarka, abu yana hannunka zai shiga ƙasarka ba shaida, hannun ya ƙi haƙura."

Honório ya dubi mutanen da suka zo taya shi aiki, ya ga babu mai kallonsa. Fuskarsa ta yi ja kamar ƙyallen wuyansa.

"A gaban yarana ta faɗa mini," ya ce, yana nuna Dona Zulmira da wuƙar cin namansa. "A tsakar gidana. Wai ni ban isa riƙe kare ba. Ni, da nake ciyar da rabin karkarar nan. Ta ɗauka ta ba mutumin da ko rufin kirki ba shi da shi."

"Karyar fa?" in ji Dona Zulmira. "Ita me ta faɗa maka?"

"Da ta bar ni na shiga, da tana nan."

"Ina yake?" Aparício ya tambaya. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

Honório ya ɗauke kai. Dona Celanira ce ta yi magana, tana goge hannu a jikin zanen girkinta, ba ta kalli mijin ba. "Yana ɗakin ulu, cikin ganga. Na ji kukansa tun ranar. Ina ba shi madarar akuya a ɓoye, amma ba ya sha sosai."

Dona Zulmira ta tashi da saurin da ba a san ta da shi ba, ta bi matar.

Da a nan aka tsaya, da an gama. Ɓarawo ya tonu a gaban jama'a, kuma a wannan ƙasa wanda aka kama da satar dabba ba ya ƙara ɗaga kai a kanti. Amma Aparício yana ganin Garoa a sandare, yana ganin dutsen nan da jinin, yana jin hannun da ya dafa masa kafaɗa. An ce rama cuta ga macuci ibada ne, shi kuwa ya kwana da wannan magana duk makon. Ya ɗauki awartakin ya zagaya teburin.

Honório ya yunƙura zai tashi. Aparício ya yi shekaru yana kayar da bijimai, mai tumaki ba komai ba ne a hannunsa. Ya murɗe masa hannu, wuƙar ta faɗi, ya danna kansa a kan tebur tsakanin kwanuka, hular ta gangara ƙasa. Mutane suka miƙe, amma babu wanda ya matso.

"Aparício." Dona Zulmira ce, daga bakin ɗakin ulu, da wani baƙin abu a ƙirjinta. "Yana da rai. Ga shi. Sake shi haka nan."

Ya ji ta sarai. Ya ma juya ya ga farar ƙafar tana motsi. Sannan ya mayar da kai, ya kama kunnen compadre ɗinsa na dama, ya daidaita awartakin a gefe, inda ake sa wa tumaki, ya matsa.

Honório ya yi wata ƙara da ba a taɓa ji daga bakinsa ba. Aparício ya sake shi, ya jefa awartakin a kan tebur.

"Yanzu duk inda ka shiga an san na wane gida ne."

"Wannan har da nawa," in ji Yamandú, ya miƙa hannu ya yanki wani naman.

Wani sanyi ya sauka a zuciyar Aparício, ba zai yi ƙarya ba, ya ji daɗi. Ya juya ya nufi Dona Zulmira. Brasa ya rame, ƙasusuwan haƙarƙari a waje, kunnen dama ya kumbura da gurbin kan kibiya a gefe. Amma da ya ji warinsa sai ya ɗago kai, ya fara kaɗa 'yar wutsiyarsa. Aparício ya miƙa hannu biyu.

Ba ta miƙo ba. Ta dubi hannuwan, jinin Honório yana bin tsakanin yatsu.

"Na ce ka sake shi. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Ka ji, ka yi."

"Ya kashe miki karya, Dona."

"Ni ya kashe wa, kuma ni zan kai shi gaban hukuma." Ta gyara riƙon kwikwiyon, ta rufe shi da gefen mayafinta. "Ɗan nan zai girma ya ci maka kaza. Zai yaga maka sirdi. Wata rana zai tarwatsa maka garke a gaban mutane, su yi maka dariya, ka kira shi ya ƙi zuwa. Ranar ba ni nan da zan ce ka bari. Yau ma da nake nan, ga abin da ya faru."

"Ban taɓa dukan kare ba a rayuwata. Kin sani."

"Na sani. Da safiyar yau ma da na rantse ba za ka iya wannan ba." Idonta ya ciko, amma muryar ba ta yi rawa ba. "Ban san ka ba ashe. Ni kuwa ba na ba wanda ban sani ba."

Ta wuce shi ta nufi goɗiyarta. Kwikwiyon ya leƙo ta saman kafaɗarta yana ƙananan kuka, yana neman sauka. Aparício ya bi ta taku biyu, ya tsaya. A bayansa mata suna ta neman tsumma da gishiri, Honório yana zagi, naman yana ƙonewa a wuta babu mai juyawa.

Ya tsaya yana kallo har ta buɗe ƙofar shinge, ta fita, ta sunkuyo daga kan sirdi ta mayar da ita ta rufe. Sawun goɗiyar ya fito raɗau a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko makaho zai iya binsa har gida. Aparício ya goge hannuwansa a wando, ya kwance dokinsa, ya bi ɗaya hanyar.